Mai Gyaran Kujerun Likitoci

Shekara arba'in da shida ina farke cikin kujeru
a wani lungu na Buenos Aires, bayan tashar jirgin ƙasa.
Sunana Eusebio. Ban yi karatun likita ba,
amma doguwar kujerar da masu ciwon rai ke kwanciya a kai,
ni na san abin da ta haɗiye.

Dakta Perla Szwarc ce ta fara aiko min tata.
Wajen kai ya lotsa kamar akushi,
wajen hannun dama ya koɗe, ya yi sulɓi,
inda farce dubu suka yi ta susa
kafin baki ya yarda ya ce "uwata".
Na zura hannu a tsaga, na zaro kayan shaida:
hankici da gishiri ya ƙandarar,
ɗan kunne wari guda, maɓallin kwat,
tikitin bas da aka murza har ya koma tsinke.
Sau huɗu a mako, in ji ta, shekara shida, bakwai,
mutum na kwance yana warware kansa kamar zare,
ita tana bayansa, ba ta cewa komai sai "uhum".

A lokacin ƙanwata Delfina na asibitin mata,
bayan katanga, inda kujera irin wannan ba ta zuwa.
Can ba a hira. Ihu ake yi.
Ran Lahadi in kai mata lemo, ta jefe ni da shi.

Sai wata shekara aka kawo ƙwayar magani,
'yar mitsitsiya, ba ta kai ƙwayar wake ba.
Na je na ji tsit, har na ɗauka an kwashe su.
Ga ta a bakin gado, hannu na rawa, yawu a haɓa,
ƙafa kamar an ɗaura mata dutsen niƙa.
Ta dube ni ta ce, "Eusebio, ka yi sanƙo."
Kalma huɗu. Shekara tara ina jiran su.
Wani matashin likita ya jawo benci ya zauna.
Ranar aka fara tambayarta abin da take ji,
don sai ruwa ya kwanta ake hango ƙasan tafki.

To kada wani ya ce min ƙwaya ta kashe magana.
Ita ta buɗe mata ƙofa a wancan gida.
Sai dai wanda ya buɗe ƙofa
a aljihunsa mabuɗi ke kwana.

Sannu a hankali kujerun suka sake ajiya:
katin magani mai gurbi goma, duk an ɓalle,
rasidin kanti ninki huɗu.
Lotsawar ta ragu.
Mutum bai daɗe ba balle ya bar sawu.
Ɗan Dakta Perla, shi ma likita,
ya ce in yi masa biyu, miƙaƙƙu, suna fuskantar juna.
Zama goma sha biyu, in ji shi, da aikin gida a littafi,
don masu biyan kuɗi sun koyi ƙirga:
in ƙwaya na nuna aikinta cikin mako shida,
magana ma ta zo da lissafinta.
Wani kuwa tebur kawai ya nema.
Minti goma sha biyar. Ya barci? Ya cin abinci? Ƙara rabi.

Ta uwarsa na nan a shagona, ba wanda ya zo ɗauka.
Kyanwa ke kwana a kai.
Delfina, da furfurarta, takan leƙo da yamma,
ta kora tata ƙwayar da shayin mate mai ɗaci,
ta ture kyanwar, ta miƙe, ta ƙura wa silin ido,
ta faro daga gidanmu na Entre Ríos,
da shekarar ambaliya, da gurgun dokin baba.
Ni ina baya, baki cike da ƙusoshi,
ba abin da zan iya cewa sai "uhum".

Jiya ta kai har safiyar da aka zo ɗaukarta.
Nan ta tsaya, ta nemi takalminta.
Ta ce sauran sai Alhamis.